Sunan da Ke Shafin Godiya

Holan, 14 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigida Malam Falalu da su Ummi. Ya makaranta da ɗalibai? Ya Takur, an ja muku famfo ko har yanzu 'yan garuwa ne? Ni lafiya lau, in ban da ruwan sama da a nan ba shi da damina ba shi da rani. In kin je Aujara ki gaishe da Inna, ki ce mata tarin ya sake ni.

Kwanaki wani Bature abokin aikina ya tambaye ni ke wace ce a wurina. Na fara yi masa bayanin yadda kakarki da kakana suke 'ya'yan wa da ƙani, na ga ya rikice, sai na ce masa yayata ce, ita ta riƙe ni ina sakandare a Kano.

Albishirinki. Na kare kundin digirina, an karɓa, yanzu sai ki ce Dakta. Jami'ar ta kuma ɗauke ni koyarwa, ina ba 'yan shekarar farko darasin cinikin ƙasa da ƙasa. Kundin ma za a buga shi littafi.

Abin da ke ciki ba baƙo ba ne a wurinku. Ana sayo takin zamani da tsada, a karya farashinsa saboda manomi, sai takin ya hau tirela ya tsallaka iyaka inda ake biya da sefa, manomin Aujara kuma ya shuka geronsa haka nan. Malaman nan sun san haka a lissafi. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne wanda ya bi buhu da ƙafarsa daga sito har kan iyaka. Mai tirelolin ban kama sunansa ba, na kira shi Ɗan Kasuwa Alif. Direbobinsa da suka yi min magana a kaset kuwa na rantse musu ba wanda zai ji muryarsu sai ni.

Da Malam bai ɗauki hutu ya goya ni a Vespa ɗinsa ba, daga Garki zuwa kasuwannin kan iyaka, da ban ga komai ba. Shi ma'aikacin gona ne, ya san inda ake tsayawa a ga abin da ke wucewa. Don haka na sa sunansa cikakke a shafin godiya, a gaban na malamaina. Kada ki faɗa masa, ina so ya gani da idonsa.

Ƙaninki,
Sharhabilu

Takur, Dutse, 2 ga Disamba, 1996

Ɗan'uwana Sharhabilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam da yara na gaishe ka. Famfo dai sai a rediyo. Allah ya sanya albarka a karatun nan, ya sa ya amfane mu. Da na kai wa Inna labari, sai ta tashi ta jiƙa gero, washegari duk layinsu aka sha kunun sadaka.

Amma akwai maganar da ta hana ni sakewa.

Ranar Talata da safe ina dama koko sai ga muryarka a rediyon ƙasar waje. Na bar ludayi na kira Malam. Ka yi magana mai kyau, har inda ka ce wani ma'aikacin gona a Dutse ne ya buɗe maka ido, kuma takin yana tafiya ne a tireloli masu koren fenti. Sharhabilu, a faɗin jihar nan mutum nawa ne ke da korayen tireloli? Ummi da ke aji uku ta ɗago daga kwanonta ta ce, "Umma, ai Alhaji Jaji ake nufi." Malam ya ce mata ta ci abincinta. Shi bai ƙarasa nasa ba.

Tun ranar, a masallaci gaisuwa ta yi gajarta. A ofis wanda suke tebur ɗaya da Malam ya nemi a canja masa ɗaki.

Jiya da hantsi wasu mutum biyu suka yi sallama, suka ajiye buhun taki a soro. Na leƙa na ce daga ina? Ɗayan ya ce, "Alhaji ne ya ce a gaida Malam, ya ji an ce maganar taki na damunsa." Ka san ba mu da ko kadada a Dutse, ga shi rani ya kama. Buhun na nan inda suka ajiye shi. Malam ya hana a taɓa, kowa sai ya raɓa ta gefensa ya wuce.

Na karya maka alkawari, na faɗa masa zancen shafin godiya. Sai ya ce, "Yaron nan ya yi ne don alheri." Ni kuma ina roƙonka ka cire sunan. Godiyar ta iso, mun karɓa.

Yayarka,
Zulaihatu

Holan, 17 ga Fabrairu, 1997

Yaya,

Barka da sallah, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina fatan kowa lafiya. Azumi a nan gajere ne, sai dai kewar kunun tsamiya.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, sai cikin azumi ta iso, lokacin littafi ya riga ya fito. Raina ya ɓaci da zancen buhun nan, kuma maganar koren fenti suɓutar baki ce, na yarda. Amma ki kwantar da hankalinki. Littafi ne mai kauri da Turanci, cike da jadawali, ko ɗalibaina sai na tilasta musu suke buɗe shi. Wa zai zauna a Dutse ya karanta? Irin su Alhaji Jaji barazana suke yi su ga ko mutum zai firgita. In an share su sai su koma kan harkarsu.

Ga ma abin da zai nuna miki ba kowa ne ya ɗauki abin da zafi ba. Na sami takardar gayyata daga wata ƙungiya, Zauren Haɓaka Ciniki, wai ta 'yan kasuwar jiha ce. Suna so in zo Dutse a watan Afrilu in gabatar da lacca a kan yadda za a gyara cinikin kan iyaka, har tikitin jirgi sun ce za su aiko. Yaya, abin da nake jira ke nan. Ba don in tsaya gaban 'ya'yan Turawa ina zana musu layi a allo na yi wannan karatu ba. Ina da shawarwari da in aka bi su manomi zai sami taki, ɗan kasuwa ma ya ci ribarsa ta halal.

Ki gyara min ɗakin soro. In buhun na nan har lokacin, ni zan kai wa Inna ta zuba a gonarta.

Sharhabilu

Takur, 5 ga Maris, 1997

Sharhabilu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Saƙonka ya iso, sai dai ambulan ya sha hanya, an ma taimaka an ƙara masa danƙo a baki.

An yi wa Malam canjin wurin aiki, an ba shi riƙon wani sito a wajen Garki. Yana zuwa gida ranar Juma'a.

Bana zafi ya sauko da wuri, kuma manya sun ce na Afrilu sai ya fi. Ba lokacin baƙi ba ne, balle wanda ya saba da sanyi. Ɗakin soro yana yoyo, ban ga ranar gyara shi ba.

Inna lafiyarta ƙalau. Na sake faɗa maka, lafiyarta ƙalau, babu abin da zai taso ka. Ka riƙe aikinka da kyau.

Zulaihatu

Holan, 24 ga Maris, 1997

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta 'yar takardarki har na haddace ta. Ɗaki yana yoyo a watan Maris? Ke da kike cika shafi huɗu da labarin maƙwabta, yau layi kaɗan?

Sau biyu kika ce Inna lafiyarta ƙalau. Haka kika shigo ɗakina a Kano, kika ce Baba ya ji sauƙi, in shirya mu je mu duba shi, alhali an riga an kai shi. Ban manta ba. Idan jikin Inna ne ki faɗa min, ni ba yaro ba ne yanzu. Idan kuma fushi kike yi da ni saboda canjin da aka yi wa Malam, kina da gaskiya, amma ki bari in zo in ba shi haƙuri baki da baki.

Tikiti ya iso. Zan sauka Kano ranar ashirin ga Afrilu, 'yan Zauren sun ce za su turo mota ta ɗauke ni. In ba ki son in sauka a gidanki, na wuce Aujara.

Sharhabilu

Takur, 27 ga Maris, 1997

Sharhabilu,

Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba. Na ba maƙwabciyata Hajiya Karima da za ta tafi aikin hajji, za ta jefa ta a Jidda. Ban san ko ka gane wadda na aiko a baya ba, ban kuma ga amsarka ba. Yanzu zan faɗa maka a fili.

Kada ka zo.

Ana buɗe wasiƙunka kafin su iso hannuna. Zauren da ya gayyace ka ba shi da ofis, a falon Alhaji Jaji ake zamansa, surukinsa ne shugaba.

Juma'ar da ta wuce Malam bai dawo ba. Na bi shi Garki ranar Asabar. Mai shayin bakin sito ya ce wasu ne suka zo a farar Fijo marar lamba, suka yi masa magana a hankali, ya kulle sito ya bi su, ko hularsa bai ɗauka ba. Na yi yawo ofis-ofis. A ƙarshe wani mai tausayi ya bar ni na gan shi ta taga. Ya ce sun ajiye masa kwafin shafi guda a gabansa, an ja wa sunansa layi da jan biro, suna tambayarsa nawa Turawa suka biya shi ya sayar da sirrin ƙasa. Ka ce ba wanda zai karanta littafin. Gaskiyarka, shafi ɗaya kawai suka karanta.

Sun tambaye shi kaset. Sun tambaye shi ranar zuwanka.

Na ce masa me zan faɗa maka? Ya ce, "Ki ce ya zauna inda yake. In suka haɗa mu biyu, ba mai fita."

Inna lafiyarta ƙalau, wallahi. Kada ka sake rubuto min sai na neme ka, duk takarda mai kan sarkin waje hujja ce a kansa.

Zulaihatu

Holan, 18 ga Afrilu, 1997

Yaya,

Wani ɗalibi ɗan Gumel zai kawo miki wannan hannu da hannu, daga ita ba zan ƙara ba. Takardar Jidda ta same ni na riga na ɗaure akwati, har da zannuwan da na sayo wa Inna. Na kwance. Ba zan zo ba.

Na je aji yau na tsaya gaban allo, na kasa tuna abin da zan koyar. Ki ce wa Malam, in kin sami ganinsa, ban san da wane baki zan yi masa magana ba.

Sharhabilu

Takur, 11 ga Fabrairu, 2001

Ɗan'uwana Sharhabilu,

Assalamu alaikum, bayan dogon shiru. Ina fatan kana lafiya da iyalinka, don na ji ka yi aure har an sami ƙaruwa. Ina kuma yi maka ta'aziyyar Inna, ko da ta makara. Ni na yi mata wanka. Ba ta tafi da fushinka ba, ta san abin da ya hana ka.

Ga abin da ya faru bayan takardar Jidda. Sai da damina ta wuce aka sako Malam. Maganar sayar da sirri ba ta je ko'ina ba, sai aka sauya ta da wata. Aka ce an duba siton Garki an tarar taki ya ɓace a hannunsa. Lokacin muka gane dalilin canjin wurin aikin. Aka sallame shi da takarda mai ɗauke da kalmar sata. Hawan jini ya kama shi, yanzu ɓarin hagu ba ya aiki sosai. Da albashina muke ci.

Mun haƙura, mun ce ai soja sun tafi. Ranar da aka ƙaddamar da shari'a a nan bara, ina cikin matan da suka yi kukan murna, na ce yau mai rauni ya sami inda zai tsaya. Alhaji Jaji ma yana wajen, a sahun gaba, motocinsa ne suka yi jigilar jama'a kyauta.

Abin da ban hango ba shi ne nauyin da kalmar ɓarawo za ta yi a garin nan. Da can zagi ce, yanzu kowa in ya faɗe ta sai ya kalli hannun mutum. Wata safiya na fito zan tafi makaranta na tarar an zana tafin hannu da gawayi a bangonmu, an ja layi a wuyan hannun. Na wanke. Bayan kwana biyu aka sake. Sannan a wajen wani ɗaurin aure, Gana, wakilin Alhaji, ya nuna Malam a gaban jama'a ya ce, "Irin waɗannan ɓarayin taki ya kamata a fara da su." Malam ya dawo gida yana jan ƙafa, tun ranar a ɗaki yake salla.

Na matsa masa muka kai ƙarar ɓata suna. Alƙalin mutumin kirki ne, amma ya ce ga takardar sallama a hannun Gana, mu me muke da shi? Yana son shaidar da zai tabbatar taki ya daɗe yana tsallakawa tun kafin a kai Malam Garki, da kuma motocin da ke ɗauka. Duk wanda na je wa a Dutse sai ya ce ba ya gari a shekarun.

Saura kai. An sa zama a watan Mayu. Ka zo, ka taho da kasakasan nan.

Yayarka,
Zulaihatu

Holan, 9 ga Maris, 2001

Yaya,

Wa alaikumus salam. Da na ga rubutunki a bayan ambulan sai da na zauna kafin in buɗe. Mai ɗakina Halimatussa'adiya na gaishe ki, yaron kuma sunan Malam na sa masa, ban sami hanyar sanar da ku ba.

Zan faɗa miki yadda abin yake a nan, ba don in kawo uzuri ba. Littafin nan da ya kwantar da Malam shi ya ɗaga ni. Da shi ake kirana taro a ƙasashe, da shi aka sa sunana cikin waɗanda za a duba a ba kujerar farfesa a watan Yuni. Dokar aikinmu kuwa ita ce, wanda ya yi maka magana bisa amana ba ka tona shi, ko a gaban kotu. Wanda ya karya wannan ba a ƙara yarda da bincikensa.

Kujerar ba ita ta hana ni barci ba. Direbobin nan ne. Ɗayansu sai da ya sa na ɗora hannu a kan Alƙur'ani a bayan wata rumfar mai, kafin ya bari na kunna rikoda. Ya ce, "Malam, 'ya'yana ƙanana ne." In aka saka kaset a kotu, Gana zai gane murya tun kafin a gama sallama.

Don haka kaset ba za su zo ba. Ni zan zo. Na tsaya da ƙafata na ga ana loda buhunan taki, na ga fentin motocin, na bi su har iyaka, shekaru kafin a kai Malam Garki. Abin da idona ya gani nawa ne, zan rantse a kansa in kuma kama sunan mai motocin. Abin da kunnena ya ji na masu shi ne.

Kada ki turo kowa filin jirgi, kada kuma ki faɗi ranar. Zan shigo motar haya kamar kowa.

Sharhabilu

Holan, 6 ga Yuni, 2001

Yaya,

Na iso lafiya, na tarar da iyali lafiya. Ya jikin Malam? Har yanzu ina jin yadda ya riƙe kaina da hannunsa mai lafiya, bai bari na durƙusa ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba kafin in taho, don na ga kina murna.

Kin tuna lokacin da alƙali ya ce, na ga an loda, na ga an tsallaka, to ta yaya na san takin rabon manoma ne ba wanda Alhaji ya saya da kuɗinsa ba? Na ga Gana ya fara murmushi, na ga Malam ya sunkuyar da kai. Sai na ji bakina ya ce, "Wanda ya tuƙa motar ne ya faɗa min inda ya ɗauko." Alƙali ya ce wane ne, na ce amana ce, bai matsa ba. Ke kin ji an karɓi shaida. Ni na ji abin da na saki.

Da aka tashi, kina can wajen mata, Alhaji Jaji ya tare ni a gindin darbejiyar bakin kotu. Ban taɓa ganinsa kusa ba. Dattijo ne mai sanyin murya, da carbi. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki.

Ya ce, "Dakta, sannu da hanya. Mun taɓa gayyatarka ba ka samu zuwa ba."

Na ce Allah bai yi ba.

Ya ce, "Haka ne. Ashe har da yarana kuka yi hira. Ai da ka faɗa min da na haɗa ka da waɗanda suka fi sanin hanya. Wanda ya faɗa maka ɗin, dogo ne ko gajere?"

Na ce na manta.

Ya yi dariya ya ce, "Ba komai. Ba su da yawa, duk ni na aurar da su."

A nan kuma, takarda ta riga ni isowa jami'a, ba sa hannu, an ce na yi amfani da sirrin bincike a rigimar dangi. An ɗage maganar kujera, an kafa kwamiti. Wannan ba ya damuna yadda na zata. Ki sa kunne a kan direbobin Alhaji, duk abin da kika ji ki rubuto.

Sharhabilu

Takur, 20 ga Agusta, 2001

Ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya zauna, gero ya yi kyau a hanyar Aujara. A shafa min kan mai sunan Malam.

An yanke hukunci. Alƙali ya ce Gana ya yi ɓatanci, ya sa shi ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa bayan sallar Juma'a ya janye maganarsa. Ya janye, da murya ƙasa-ƙasa, amma an ji. Alhaji kuwa alƙali ya ce ba shi aka kawo ƙara ba. Malam ya koma jam'i. Ran farko ya sa babbar rigarsa ta bikinmu, Ummi ta riƙe masa sanda har bakin titi. Wannan kai ka yi mana shi, ba kuma zan manta ba.

Ka ce in sa kunne. Tun bayan tafiyarka Alhaji yake kiran tsofaffin direbobinsa ɗaya bayan ɗaya, a ci abinci a falonsa, a yi hira. Duk sun koma bakin aiki, ban da mutum ɗaya.

Shekaranjiya da la'asar wata mata ta yi sallama, da goyo da wata yarinya a hannu. Ta ce sunanta Hindatu, matar Malam Zailani direba. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ba ta sha ba. Ta ce tun farkon damina aka ba maigidanta lodi zuwa arewa, can cikin hamada, hanyar da bai taɓa bi ba, aka kuma ce ba sai ya tafi da yaron mota ba. Motar ta dawo, wani ne ya tuƙo ta. Ta je gidan Alhaji, aka ba ta buhun shinkafa aka ce ta yi ta addu'a.

Na ce me ya kawo ta wurina?

Ta ce, "Daren da zai tafi ya ce min, in ya daɗe, in nemi matar Malam Falalu ta haɗa ni da Dakta. Ya ce Dakta ya yi masa rantsuwa, shi zai san abin da ya faru."

Malam yana ɗaki yana ji, ya kira ni ya ce, "Ba ta adireshin."

Na ba ta. Ba ta iya boko ba, ƙanenta zai rubuta mata. Ban san ko wasiƙarta za ta riga wannan isowa ba. In ta zo kada ka ajiye ta sai ka sami natsuwa, ka buɗe a ranar, ka amsa mata da Hausar da za a karanta mata ta gane. Ta ce kullum za ta riƙa zuwa nan tana tambaya ko amsa ta iso.

Yayarka,
Zulaihatu